Yawan Shara Ba Ya Rage wa Waya Nauyi

A kusan kowane gida a Daura akwai mutum guda da ake miƙa wa waya idan ta fara gardama. Ba mai gyaran waya ba ne, kawai an lura yana iya shiga setin ya fito lafiya. A gidanmu ni aka ɗora wa wannan aiki, daga nan ya bazu zuwa maƙwabta da 'yan majalisarmu. Koken kusan iri ɗaya ne: waya ta yi nauyi, tana sandarewa, tana zafi, caji ba ya kai la'asar, ko ta rubuto cewa wuri ya ƙare. Maganin da kowa ya sani shi ma ɗaya ne, wato a danna maɓallin da ke jero manhajojin da aka buɗe, a share su kaf, a kuma maimaita duk bayan 'yan mintuna. Daɗewar da na yi ina duba wayoyin mutane ta nuna mini cewa cikin duk abin da mutum zai yi wa wayarsa, wannan sharar ce mafi ƙarancin amfani.

Darasi na farko: wuri biyu ne a cikin waya

Mai sayar da atamfa yana da rumfa, yana kuma da sito. A rumfa yake baje abin da ake ciniki yanzu, sito kuwa shi ne inda dilolin kaya suke jibge. Haka waya take. RAM ita ce rumfar, nan manhajar da kake amfani da ita take zama, kuma da an kashe waya komai na wurin ya tafi. Ma'ajiya ita ce siton, inda hotuna da bidiyo da saƙonnin murya da su kansu manhajojin suke kwance, ko waya na kunne ko tana kashe.

Yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu Tecno ne da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Masu sauƙin kuɗi daga cikinsu RAM ɗinsu giga 2 ne zuwa 4, ma'ajiya kuma giga 32 ko 64. Tun kafin ka buɗe komai, tsarin Android da kansa ya riga ya ɗebi kaso mai yawa na wuraren biyu. Saboda haka idan aka kawo mini waya, tambayata ta farko ita ce: wanne ne ya cika? Idan waya ta ƙi ɗaukar hoto ko ta ƙi sauke saƙon murya, ma'ajiya ce. Idan kuwa ka bar WhatsApp ka leƙa manhajar banki, ka dawo ka tarar ta sake tashi daga farko, RAM ce ta yi kaɗan. Wanda ya goge hotunan bikin 'yarsa don RAM ta samu sarari ya yi asarar banza.

Darasi na biyu: waya ta fi ka sanin wanda za ta kora

Manhajojin da kake gani a jere idan ka danna wancan maɓalli, akasarinsu ba aiki suke yi ba. An dakatar da su ne, an bar su a RAM don idan ka koma su buɗe nan take. Android yana da nasa mai tsaron da ke lura da wurin: da zarar RAM ta matse, sai ya kori wadda aka fi daɗewa ba a taɓa ba, ya ba sabuwa wuri. Ba ya jiran umarnin kowa. Idan ka share su da hannunka, mai atamfar nan ne ya kwashe kayan rumfa ya mayar sito bayan tafiyar kowane mai saye, sannan ya sake kinkimo su idan wani ya zo. Ɗauko manhaja daga ma'ajiya ya fi cin batir da lokaci a kan farkar da wadda take zaune a RAM.

Masu ƙera tsarin da kansu sun faɗi haka. A shekarar 2016 wani mai amfani da iPhone ya rubuta wa kamfanin Apple yana tambaya ko rufe manhajoji na tsawaita caji, sai Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na kamfanin, ya ba shi amsa cewa ba ya tsawaitawa, shi ma kuma ba ya yi. A wannan shekarar Hiroshi Lockheimer, wanda a lokacin yake kula da Android a Google, ya ba da amsa mai kama da wannan.

Rufewa tana da ranarta. Manhajar da ta sandare, ko taswirar da ka gama amfani da ita amma take ci gaba da bin inda kake, ko bidiyon da ya ƙi yin shiru, waɗannan a rufe su ɗaya bayan ɗaya. Kashe waya gaba ɗaya a sake kunna ta lokaci zuwa lokaci shi ma yana warware ƙananan rikice-rikice da yawa.

Darasi na uku: mai shara da ke zuwa da nasa datti

Babu wayar da ke ba ni wahala kamar wadda aka cika da manhajojin da ke alƙawarin ƙara gudu, masu hoton tsintsiya ko roka. Sau da yawa mai wayar bai san lokacin da suka shiga ba. An tura masa su ne ta Xender tare da finafinai da waƙoƙi, ko ya danna wani talla da ya tsorata shi cewa wayarsa ta kamu da cuta. Kowacce daga cikinsu tana zaune a RAM dare da rana, tana kashe sauran manhajoji, su kuma suna sake tashi, ita kuma tana jefo talla a kan allo tana cin data. Wasunsu har izinin karanta lambobin mutane da saƙonni suke nema, abin da ba shi da wata alaƙa da shara.

A watan Fabrairun 2020 Google ya cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallace-tallace masu takura wa mutane, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile mai manhajar Clean Master, wadda ta yi tashe sosai a wayoyinmu. Daga Android 14 kuma, wanda ya fito a 2023, an hana kowace manhaja kashe ayyukan wata manhajar a bayan fage, sai nata kawai. Ke nan a sababbin wayoyi, rokar nan da ke tashi a allo tana cewa ta ƙwato maka wuri wasan kwaikwayo ne kawai. Duk wayar da ta zo hannuna, su nake fara cirewa, kuma sau da yawa wannan kaɗai ya isa mai ita ya ce ta dawo sabuwa.

Darasi na huɗu: a san wanda za a ɗaure wa ƙafa

Ainihin iko yana cikin setin, a ƙarƙashin jerin manhajoji. Kowace manhaja tana da shafinta, inda za ka ga batir nawa ta sha, data nawa ta ci, da maɓallan hana ta aiki ko cin data idan ba a buɗe take ba. Google ya daɗe yana ƙara matsa wannan ɗauri: a 2015 Android 6 ya zo da tsarin sa waya barci idan an ajiye ta, a 2017 Android 8 ya taƙaita abin da manhaja za ta iya yi a ɓoye. Amma manhajojin zumunta da na sayayya da wasanni suna da hanyoyin farkar da kansu, don haka sai mutum ya sa hannu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan dubawar ta zama maganar aljihu.

Sai dai garin neman gira akan rasa ido. Kawuna dillalin dabbobi ne, ba ya fashin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, kuma rabin cinikinsa da mutanen Legas ta saƙon murya yake yi. Gab da babbar salla ya iso gida ransa a ɓace, ya ajiye mini waya a kan tabarma.

"Ɗan nan, duba mini wannan abu. Mutum ya aiko mini tun hantsi yana son raguna, ban ji ko ƙara ba sai bayan azahar da na buɗe da kaina. Kafin nan ya saya a hannun wani."

"Kawu, wa ya taɓa maka ita kwanan nan?"

"Wani yaro ne a wurin caji. Na ce batir na saurin ƙarewa, ya ce zai gyara."

Yaron ya gyara batir ɗin kuwa, don ya bi kowace manhaja ya ɗaure ta, har da WhatsApp da ta banki. Caji na kaiwa dare, amma saƙo ba ya shigowa sai an buɗe. Na kwance waɗannan biyun, na bar sauran a ɗaure. Tun daga nan nake tambayar mai waya abin da yake ci da shi kafin in taɓa komai. Mai POS, manhajar kuɗinsa ba a ɗaure ta. Mai dogaro da manhajar kiran salla ko agogon tashin asuba, a bar masa su. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Daura, wanda ake sanar da jarrabawa a zauren ajinsu, a bar masa WhatsApp, a ɗaure TikTok da wasanni.

Darasi na biyar: abin da ke cika ma'ajiya a garin nan

Idan ma'ajiya ta kusa cika, waya takan yi nauyi ko da RAM lafiya lau take, domin tsarin yana buƙatar sarari da zai riƙa juya kaya. Kuma a Daura na san lokutan da ma'ajiya ke cika. Bayan Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, da bayan hawan salla, kowa ya ɗauki dawakai da 'yan bindiga, kowa ya tura wa kowa. Makon da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, ranar 15 ga Yulin 2025, kusan duk wayar da aka kawo mini cike take da bidiyon taron.

Wayar gwaggona ce ta fi nuna mini yadda abin yake. Tana cikin zauren dangi, da na Islamiyya, da na 'yan adashi, da na matan unguwa. Da na shiga sashen ma'ajiya na WhatsApp, inda yake jero manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, sai ga fiye da rabin wayar a wurin. Wa'azi guda ya shigo ta zauruka daban-daban, ga gaisuwar Juma'a mai furanni ta shekaru, ga tallan atamfa da turaren wuta.

"Gwaggo, in goge waɗannan?"

"Goge duka, amma kada ka taɓa mini hotunan jikokina da karatun malam."

Muka zauna tana nunawa ina gogewa. Daga nan na kashe saukar da bidiyo kai tsaye, yadda babu abin da zai shigo sai ta danna da hannunta. Wannan maɓalli ɗaya ya fi sharar shekara amfani. Hotunan jikokin kuma na mayar da su katin memori.

A nan akwai tarko da ya kamata a sani. A shafin kowace manhaja akwai maɓallai biyu kusa da juna. Ɗaya yana goge tarkacen wucin gadi da manhaja ta tara, wannan ba shi da illa, ko da yake tarkacen zai sake taruwa. Ɗayan yana goge bayanan manhajar gaba ɗaya, ya mayar da ita kamar yau aka sauke ta. Wanda ya danna na biyun a manhajar banki sai ya sake shiga daga farko, a WhatsApp kuma zai iya rasa hirarrakinsa idan ba a adana su ba. Wanda bai tabbatar da bambancinsu ba ya tambaya kafin ya danna.

Darasi na shida: ba kowane zafi ne laifin manhaja ba

Masarautar Daura a bakin iyaka take. Wanda ke zirga-zirga ta Kwangwalam, ko ƙauyukan Zango da Baure da ke dab da Nijar, ya san yadda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, wani lokaci ma waya ta kamo layin ƙetare. Idan sabis ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfi wajen neman eriya, ga layi biyu kowanne na nasa neman, sai batir ya zube, waya ta ɗau zafi. A irin wannan wuri kashe data ko layin da ba a buƙata shi ne magani. Haka kuma a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayar da aka bari a gaban mota ko aka jibge da wasu a teburin caji takan rage wa kanta gudu da gangan don kada ta lalace. A kai ta inuwa, a cire mata riga, za ta dawo daidai.

Darasi na bakwai: kowace waya da iyakarta

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waya mai RAM giga 2 za ta yi kira, ta yi WhatsApp, ta yi tiransifa, amma ba za ta riƙe Facebook da TikTok da Instagram da wasan ƙwallo a lokaci guda ba, ko wane irin gyara aka yi mata. Don irinta aka yi Facebook Lite a 2015, aka kuma fitar da Android Go a ƙarshen 2017. Manhajar da ba a buɗewa sai sau ɗaya a wata, gara a cire ta, a riƙa shiga shafinta ta intanet idan buƙata ta taso.

Mai shirin sayen sabuwa kuma ya lura da rubutun kwali. Idan ya ga an sa 4+4, huɗun farko ne RAM na gaskiya, na biyun aro ne daga ma'ajiya, kuma bai kai na gaskiyar sauri ba. Ya tambayi mai shago adadin na gaskiyar, ya biya kuɗinsa a kan wannan. Bayan ya kai ta gida, duk manhajar da wani zai tura masa ko talla ya nuna masa, ya tsaya ya tambayi kansa aikin da za ta yi masa kafin ya bar ta ta shiga. Wayoyin da ba a cika kawo mini ba na mutanen da ke yin wannan tambayar ne.