Hogan ba shi ne na ɗaya ba, jama'a ku yi haƙuri

Tun da Hulk Hogan ya mutu ranar 24 ga Yulin 2025 yana da shekara 71, sa'o'ina da muka tashi muna leƙen resilin a talabijin ɗin maƙwabta suka cika Facebook da cewa an rasa gwarzon da ba a taɓa yin irinsa ba. Suna kam ya yi, babu musu. Amma shahara daban, iya sana'a daban. Hogan ya zo ne a ƙarshen wani zamani, kuma shi ne gatarin da aka sare zamanin da shi. Mutanen wancan zamani nake so mu auna yau, duk wanda bai yarda ba ga fili nan a ƙasa.

Kafin Vince McMahon ya haɗiye komai, kokawar Turawa a Amurka yanki-yanki take, kowane ubangida da gonarsa. Sam Muchnick na St. Louis, Eddie Graham na Florida, iyalan Funk na Amarillo a Texas, Crockett na jihohin Carolina. A 1948 aka kafa ƙungiyar NWA a Iowa bisa sharaɗin kada kowa ya shiga gonar wani, kuma duka su amince da zakaran duniya guda ɗaya. Kada ma a ɗauka waliyyai ne, haɗa baki suka yi suka kame kasuwa, har sai da gwamnatin Amurka ta taka musu burki a kotu a 1956.

Na san wani zai ce ai duk shiri ne, an san wanda zai ci tun kafin a hau. To ai shi ya sa ba a auna su da yawan nasara. Tambaya biyu ce. Za ka iya cika zaure ɗaya da mutanen gari ɗaya, mako bayan mako, shekara da shekaru, ba su gaji da kai ba? Kuma in an ba ka bel ɗin duniya, za ka iya aikin rangadi? Wannan na biyun mu ma'aikatan gwamnati muka fi kowa gane shi. Zakara yana sauka a gari kamar jami'in da aka turo daga hedikwata, sai dai aikinsa shi ne ya sa ɗan gari ya yi kyau. Ya sha duka, ya yi kamar zai faɗi, a kwashe awa guda cur a tashi canjaras, ya tsere da bel ɗinsa da kyar, mutanen gari su koma gida suna cewa saura ƙiris namu ya kayar da shi. Gobe wani gari, wani abokin karawa da wataƙila bai taɓa gani ba. Kuma kafin a damƙa masa bel sai ya ajiye jinginar dala dubu 25.

Da wannan ma'auni Lou Thesz ne na ɗaya a wurina, ba na ma jin ɗar. Ya riƙe kambun NWA daga 1949 zuwa 1956, shi ne ya bi ƙananan kambuna na yankuna yana tattaro su wuri ɗaya. Dalilin da iyayen gida suka amince masa shi ne ya iya kokawar gaske. In wani ɗan gari ya yi niyyar saɓa shiri ya danne zakara da ƙarfi don ya yi suna, Thesz na iya murɗe masa gaɓa nan take, kuma kowa ya san haka. A 1957 ya je Japan ya yi awa guda da Rikidozan aka tashi babu kaye. Da ƙungiya ta so karɓe bel daga hannun Buddy Rogers a Janairun 1963, Thesz ɗin dai aka kira, yana da shekara 46, ya karɓo shi a Toronto. Tsohon ma'aikaci ke nan da ake nemowa daga gida in fayil ya gagari yara.

Wannan karawar ce ta haifi na biyuna. Masu New York, wato mahaifin Vince da abokin harkarsa Toots Mondt, suka ƙi amincewa da kayen, suka ɓalle suka kafa WWWF da Rogers a matsayin zakara. Ranar 17 ga Mayun 1963 Bruno Sammartino ya gama da shi cikin daƙiƙa 48 a Madison Square Garden. Bruno yaro ne da ya yi ɓuya a kan duwatsun Italiya tare da mahaifiyarsa lokacin yaƙin duniya na biyu, ya iso Amurka a rame. Ya riƙe kambu kwana 2,803, sai a 1971 Ivan Koloff ya karɓa, kuma waɗanda suka halarta sun ce zauren tsit ya yi kamar an yi mutuwa. Ya sake riƙewa daga 1973 zuwa 1977, a ciki har da karyewar wuya a hannun Stan Hansen. A tambaya ta farko babu kamarsa. Abin da ya sa na ajiye shi a bayan Thesz shi ne yawanci a gida yake wasa, gaban 'yan ci-rani da ke ganin kansu a jikinsa. Sarki ne a garinsa, Thesz kuwa baƙo ne kullum.

Ric Flair da Harley Race na daɗe ina juya su. Race ya tsira daga hatsarin mota da saura kaɗan a yanke masa ƙafa, ya zo ya zama zakaran da ƙungiya ta fi dogara da shi daga 1977 zuwa 1981. Flair ya karya baya a hatsarin jirgin sama a 1975, ya tashi ya karɓi bel a 1981, ya sake karɓa daga hannun Race cikin keji a Starrcade na 1983. Na ba Flair na uku saboda ko da sanda aka haɗa shi zai sa ka yarda sandar ta kusa cin kambu. Race na huɗu, kuma ba zan yi faɗa da wanda ya juya su ba.

Verne Gagne kuwa, duk da ƙwarewarsa, ban sa shi ba. Shi ne mai kamfanin AWA a Minneapolis, kuma ya zama zakaransa sau goma. Mutum shi ne shugaban kwamitin ƙarin girma, sunansa ne kullum a saman takarda, haba. Shi ne ma ya ƙi sakar wa Hogan bel lokacin da jama'a ke rububinsa, Hogan ya tattara ya koma wurin Vince a ƙarshen 1983, ya ci kambu a Janairun 1984. Daga nan Vince ya riƙa sayen lokacin talabijin a yankunan mutane yana kwashe musu taurari. Crockett ya sayar wa Ted Turner a 1988, AWA ta rufe a 1991.

Kujera ta biyar ce ke da rigima. Ga Dusty Rhodes, ɗan mai gyaran famfo, ga tumbi ga baki kamar maroƙi. Ga Jerry Lawler da ya riƙe daren Litinin na Memphis shekaru aru-aru. Ga Dory da Terry Funk, wa da ƙani da kowannensu ya riƙe kambun NWA. Ni dai Junkyard Dog na ba. Bai taɓa riƙe kambun duniya ba, kuma a iya kamu duk waɗannan sun fi shi. Amma baƙar fata ne da Bill Watts ya ɗora a saman kamfaninsa a Louisiana da Mississippi, inda wariyar launin fata ba ta daɗe da barin doka ba, kuma farare da baƙaƙe suka biya kuɗinsu don su gan shi. A 1980, da aka shirya cewa 'yan Freebirds sun makantar da shi, sama da mutum dubu 20 ne suka shiga Superdome na New Orleans don ganin ya rama a kan Michael Hayes. Masu Dusty, na san kuna nan tafe, ku zo da hujja ban da zagi.