Ina Talaka Zai Ga Teku a Ikko?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mu da muka tashi ba mu san ruwa ba sai kogi da tafki, labarin teku muke ji a bakin magabatanmu da suka yi fatauci a Ikko, kuma Bar Beach suke ambata. To, yau babu ita. Ganuwar duwatsun da Turawa suka gina a mashigin jiragen ruwa, tsakanin 1908 da 1912, ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma. Sai teku ta yi ta cin gaɓar, har aka cike wurin aka kafa unguwar Eko Atlantic. A 2024 kuma aka rushe Landmark Beach domin titin Ikko zuwa Kalaba.

A ganina, wurin da ya cancanci ziyara yanzu shi ne Tarkwa Bay, wadda sai da kwalekwale ake isa. Abin mamaki, duwatsun nan da suka kashe Bar Beach su ne suka yi mata garkuwa. Ruwanta kwance yake, mai koyon ninƙaya ma yana iya shiga. Samari na hawan igiyar ruwa bisa allo, masunta kuma na jefa koma. Sai dai a 2020 an tashi dubban mazaunanta.

Ɗan'uwa ɗalibi, in hali ya yi, ka je ka gani tun kafin a kewaye sauran gaɓar, talaka ya koma jin labari.