Motar Jana'izarmu da Ciwon da Ke Cikin Tankinta



Cikin 'yan kadarorin da jama'ar unguwarmu suka mallaka tare a nan Kumasi, babu wadda ta kai motar ɗaukar gawa shiga kowane gida. Tsohuwar Peugeot 504 ce, akori-kura, wadda iyayenmu ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, aka soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma har yau duk inda sauranta ya rage ana yi mata shaidar juriya. Tamu wani bawan Allah mai fataucin goro ne ya ba da ita sadaka, Allah ya kai haske kabarinsa. Ita take kai mamatanmu maƙabartar Tafo, mai dangi da baƙon da ba a san kowa nasa ba.

Tun daminar bara ta tsiro da wani hali. Da safe takan tashi lafiya, ta kama hanya kamar ba komai. Sai an yi nisa kaɗan ta fara tari, tana fizga, ƙarfinta yana raguwa, har ta mutu a gefen titi. In aka ba ta kamar minti goma aka sake murɗa makulli, sai ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta maimaita. Ga mai motar hawa wannan ɓacin rai ne kawai. Ga motar jana'iza kuwa al'amarin ya wuce nan, domin addini ya hore mu da gaggauta kai mamaci makwancinsa, ga zafin rana, ga jama'a a baya suna jira. Akwai ranar da samari suka sauke makara suka ƙarasa da ita a kafaɗa. Lada dai sun samu, amma hayar wata motar nauyi ce ga gidan da bai gama biyan kuɗin likkafani ba, kuma binne Musulmi farilla ce a wuyanmu duka.

Kamar yadda aka saba, kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce fulogi ne, ya sayo huɗu da kuɗin aljihunsa. Wancan ya rantse batir ne. Wani ya kawo kwayil. Har an sami masu raɗa cewa motar da ta daɗe tana ɗaukar gawa ba a rasa ta da iska, sai a yi mata tofi. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, amma a karatun da muka yi ba mu ga inda aka ce ta ɗauke wa mutum neman sababi ba. Duk abin da aka saya mun rubuta shi a littafin jama'a, kuma jimillarsa ta isa a yi wa motar aiki na gaske sau biyu.

Daga ƙarshe Maigida, dattijon unguwarmu, ya sa aka ɗauko wani tsohon fita daga Magazin ta Suame, wannan babbar matattarar makanikai da maƙera da duk mai mota a Ghana ya san da ita. Abin da ya fara burge mu shi ne bai taɓa motar ba sai da ya zauna ya yi wa direba tambayoyi, kamar alƙalin da ba ya yanke hukunci kafin ya ji shaidu. Yaya take mutuwa, farat ɗaya ko a hankali? Da sanyi ko sai ta ɗau zafi? A tsaye ko a guje? Sannan ya dubi Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, inji abu uku yake ci: fetur, iska da wuta. In ya mutu, ɗayansu ne ya yanke. Yadda ya mutu shi zai gaya mana wanne."

Bayanin da ya biyo baya ya cancanci a adana shi, don akwai masu tsofaffin motoci da yawa a cikinmu. Motar da ta ɗauke nan take, kamar an kashe fitila, wutarta ake tuhuma: waya ta saki, ko kwantak ya ƙone, ko kwayil da kwandensa sun gaji, waɗanda sukan yanke in sun yi zafi su dawo in sun huce. Wadda take tashi in ana murɗa makulli amma ta mutu da zarar an sake shi, a dubi makullin da wayar da ke kai wuta ga kwayil. Wadda ba ta tsayawa a silo sai an danne totur, ko ƙaramin jet na kafireta ya toshe, ko tana zuƙar iska ta wani tiyo da ya tsage. Amma wadda take tari da fizga kafin ta mutu, yunwa ce take kashe ta, mai ba ya isowa. Ya ƙara da cewa fulogi ma yana ba da shaida: baƙi ƙirin mai toka na nufin mai ya rinjayi iska, fari fat na nufin mai ya yi kaɗan.

Duk da ya riga ya gane inda ciwon yake, bai tsallake mataki ba. Ya gwada wuta, ya ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Ya sa aka tuƙa ta har ta mutu, ya buɗe murfin tanki yana saurare ko zai ji shaƙar iska, domin in ƙofar numfashin tankin ta toshe famfo ba ya iya jan mai. Bai ji komai ba. Sai ya zare tiyon da ke shiga kafireta ya sa a kwalba, aka murɗa makulli. Man da ya kamata ya riƙa tsartuwa sai ga shi yana ɗiga, ja-ja, da guntayen tsatsa, ruwa kwance a gindin kwalbar.

Da aka sauke tankin, sai ga ƙasansa ya cika da laka da ɓawon tsatsa. Nan ne ya warware mana abin da ya fi ɗaure mana kai, wato tashin da take yi bayan minti goma. Muddin famfo yana ja, dattin yakan taru ya liƙe a bakin bututun da ke ɗebo mai. In injin ya mutu jan ya tsaya, sai dattin ya saki ya koma ƙasa, hanya ta buɗe, har zuwa wani jan.

"Baba, daga ina ruwa ya shiga?" in ji wani saurayi. Tsohon ya tambaya yadda ake zuba mata mai. Al'adar da aka tarar ita ce gidan da aka yi rasuwa su sa abin da zai kai Tafo ya dawo, lita uku ko huɗu, ba ƙari. Ke nan shekara da shekaru tankin kusan wayam yake. Tanki wayam kuwa iska ce a cikinsa, iskar Kumasi kuma da laima take, balle da damina biyu a shekara. Da dare raɓa takan taru a bangon ƙarfen, ta gangara, kuma da yake ruwa ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe. Ba mu ga laifin masu makoki ba, wanda ke cikin hawaye ba ya lissafin tanki. Tsarin ne ya bar motar ba mai ita.

An wanke tankin, an busa bututu, an sa sabuwar matatar mai, an kwance kafireta an share jet ɗinta, ya kuma daidaita tazarar kwantak a milimita 0.4. Tun daga ranar ba ta sake tsayawa a hanya ba. Maigida ya zartar da cewa man motar ya koma kan asusun jama'a, kada ya sauka ƙasa da rabin tanki, makulli ya zauna hannun direba ɗaya, kuma a tashe ta duk mako ko ba a yi rasuwa ba. Wasu sun nuna tsoron cewa tanki cike zai jawo aike-aiken da ba na jana'iza ba. Tsoron yana kan hanya, shi ya sa kowace fita za a rubuta ta.

Masu cewa a sayar da ita a sayo ta zamani ba mu ƙi tasu ba, in kuɗi ya samu. Sai dai su sani cewa yawancin na zamani famfonsu na lantarki ne, a cikin tanki yake zaune, kuma man ne yake sanyaya shi, don haka lita uku-uku za ta fi saurin kashe su. Abin da ya fi damun mu shi ne masu sanin kafireta suna ƙarewa, yaran yanzu sun fi sabawa da na'urar da ake jonawa ta karanta ciwo. Mun roƙi tsohon ya karɓi samarinmu biyu duk Asabar, ya amsa.

Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko za a karanta lissafin gyaran a zauren Maigida, a kuma tsayar da abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata. Kwalbar tsatsar tana nan a zauren ga wanda yake so ya gani da idonsa.