Shekarun Keken Gwaggo

A gidanmu na Zariya kowa ya yarda cewa keken ɗinkin Gwaggo ya girmi Yaƙin Hitila, kuma babu wanda ya taɓa neman hujja. Baƙi ne wuluk da zanen ruwan zinare, yana zaune a kan ƙafar ƙarfe mai sunan Singer, sai mutum biyu sun kama ake matsar da shi in za a yi shara. Mu yara an hana mu taɓawa, saboda haka da zarar ta tafi unguwa sai mu zame bel ɗin fatar, mu yi ta taka feda wai muna tuƙa mota zuwa Kaduna. A goman ƙarshe na azumi kuwa, ƙararsa ke raka mu barci, ita ke tashe mu sahur. Ga atamfofin maƙwabta tuli guda, ga fitilar ƙwai a gefe, ga Gwaggo da zare a baki tana ba kowa haƙuri, wai in Allah Ya yarda babu mai zuwa Idi da tsohon kaya.

Bayan rasuwarta keken ya dawo hannuna, na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Ya juya hannun sau biyu yana saurare, ya ce, "Yaro, wannan ɗan Ingila ne, ka riƙe shi da kyau." Sannan ya dangwali man keke ya goge wani ɗan tudu a gefen dama na shimfiɗar ƙarfen, daidai gindin wuyan, sai ga haruffa biyu da jerin lambobi sun fito. EK ne a farkonsu.

Kamfanin Singer ya riƙa rubuta lambobin nan a littattafan masana'antunsa, kuma an adana su, shi ya sa har yau ake iya gane shekarar keke. Kafin 1900 lambobi ne zalla babu harafi. Daga nan aka fara sa harafi ɗaya a gaba, daga baya biyu. Masana'antar Elizabethport ta jihar New Jersey a Amurka ta shiga jerin AA, AB daga 1924. Ta Clydebank, kusa da Glasgow, ta yi amfani da Y har zuwa 1935, sannan ta koma EA, EB, haka-haka. EK ya faɗo ne wajen 1955, wato keken Gwaggo an ƙera shi shekara goma bayan an gama yaƙin da ake cewa ya girma. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce Turawa ne suka yi kuskuren rubutu, na bar shi a haka. Abin lura dai shi ne, lambar tana nuna lokacin da aka ware wa rukunin kekuna lambobinsu ne a masana'anta, ba ranar da keken ya sauka a Ikko ko ya shiga kanti ba.

Ɗan Ingilan ma, in an bi diddigi, ɗan Sikotlan ne. Masana'antar Clydebank ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1880, ta bunƙasa har tashar jirgin ƙasan da ke wurin ta ci sunan Singer, sunan da take amsawa har gobe. Jiragen Jamus sun yi wa garin ruwan bama-bamai a watan Maris na 1941, masana'antar ta farfaɗo, sai a 1980 aka rufe ta. Harafin K da ake gani a bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K ko 201K, daga Kilbowie ya fito, unguwar da aka gina masana'antar a cikinta.

Tsofaffin kekuna da yawa ba a rubuta musu lambar samfuri ba, sai dai a gane su da ƙira. In madaurin da ke daidaita ƙarfin zare yana can a fuskar keken ta hagu, kwarkwaron kuma ana zura shi ta gefe daga ƙasa, to samfurin 15 ne, irin na Gwaggo. In ana jefa kwarkwaron ta sama ne, yawanci 66 ne ko ƙaninsa 99. In kuwa aka ga marufi biyu dogaye a shimfiɗar, a ciki da doguwar ƙoshiya mai kai da komo irin ta masaƙa, wannan 27 ne ko 127, tsohon hannu sosai. Akwai kuma wanda ba ya ɗinkin baya ko kaɗan, sai tela ya ɗaga takalmi ya juya ƙyallen kafin ya ɗaure bakin ɗinki. Wanda aka ƙera dab da 1951 yakan zo da tambari mai shuɗin baki, na cikar kamfanin shekara ɗari tun da Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a 1851.

Samfurin 15 ɗin nan shi ya fi ba ni mamaki. Asalinsa tun 1879 ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Japan suka kwaikwayi ƙirarsa suka cika duniya da shi. Indiya ma ta yi Usha, Shanghai ta yi Butterfly, wanda ya zama keken amare da 'yan koyo a ƙasar nan. Duk jikokinsa ne, har allura da kwarkwaro iri ɗaya suke ci. Wannan ne dalilin da ya sa keken 1955 bai taɓa rasa kayan gyara a kasuwa ba. Telan da ke yawo da kan keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi a lungu, ƙirar da ta haura shekara 140 yake ɗauke da ita. Sai dai a yi hattara, ba duk baƙin keke mai rubutun Singer ne tsoho ba, domin an ci gaba da yin sababbi da sunan a wasu ƙasashe. Ɗaga shi za ka yi ka ji nauyi, ka juya hannun ka ji ko yana tafiya sumul.

Masu tara tsofaffin kekuna a Turai da Amurka sun fi son wanda zanensa bai goge ba. Suna da sunaye ga kowane zane, suna rububin ɗan ƙaramin Featherweight na 1933 mai jaka. Ban ga laifinsu ba, amma keken da ya shekara saba'in zanensa na ƙyalli, ai zaman akwati ya yi. Na Gwaggo zinaren ya shafe fes a inda ƙyalle ke wucewa, gaban shimfiɗar ya koɗe daidai inda take kifa hannun hagu, wuyansa duk tabon allura ne saboda tsumman da take naɗawa tana soke su. A wurina wannan shi ne adon, domin kuɗin makarantar 'ya'yanta ta nan wurin ya bi.

Kula da shi ba wuya. Man keke kawai, ɗigo ɗaya a kowane rami, ba man gyaɗa ba, wanda ke daskarewa ya kama ƙarfe. A zare marufin a share audugar da ta taru a haƙora. Kada a wanke zanen da sabulu ko sinadari, zinaren zai koma fari, tsumma da ɗan mai sun wadatar. Bel in ya saki, a yanke guntu a sake huda shi.

Abin da ke cin waɗannan kekuna yanzu ba tsufa ba ne, 'yan gwangwan ne masu sayen ƙarfe a kilo. Dattijon nan na Sabon Gari ya ce min in ya ji an yi rabon gado a wata unguwa, yakan tura yaronsa ya riga su zuwa. Wani lokaci a samu kan keken, wani lokaci a tarar an riga an fasa shi, ƙafar kuma an ɗora mata katako ana sayar da tumatir a kai.