Teku Ma Yana Da Daminarsa

Mu mutanen zango, kakanninmu fatake ne, ba masunta ba. Mun daɗe zaune a Sekondi, amma abin da muka sani na teku kifinsa ne kawai. In amane ya yi araha a watan Agusta, sai mu ce Fante sun taki sa'a.

Ashe ba sa'a kaɗai ba ce. Mu da ɗalibanmu mun ɗebo ruwan teku a watan Afrilu, muka tace da ƙyalle, muka duba a madubin ƙara girma. Ba wani abin kirki. Da muka maimaita a ƙarshen Yuli, sai ga ɗigo guda ya zama kasuwa: ƙananan tsirrai da ƙwarin ruwa birjik, waɗanda masana ke kira filankton.

Ga dalili. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku ɗauke da taki, har zafin ruwan ya sauka ƙasa da digiri 25. Tsirran su yaɗu, ƙwarin su ci, amane ya ci ƙwarin, ya yi ƙwai.

Amma yawan kamu ya sa amane ya ragu ƙwarai tun bayan shekarun 1990. Da gwamnati ta hana jiragen masunta fita a Yulin 2021, mun yi ta gunaguni a kasuwa. To jama'a, mu jikokin manoma ma ne. Wa ya taɓa cinye iri ranar shuka?