Sent Helens, Garin Masu Tura Teburan Gilashi

Daga tashar Lime Street ta birnin Libaful, jirgin ƙasa yakan kai mutum Sent Helens cikin kimanin rabin sa'a. Gari ne na jan bulo a arewa maso yammacin Ingila, tsakanin Libaful da Mancesta, kuma ba shi da wani ado da zai tsayar da baƙo ɗaukar hoto. Arzikinsa tun farko a ƙasa yake, wato kwal da yashi. Aka ƙara masa da hanyar ruwa ta Sankey, wadda aka haƙa da hannu aka buɗe a 1757 domin kai kwal zuwa kogin Mersey. Duk inda makamashi da yashi da hanyar fitar da kaya suka haɗu, masu narka gilashi ba sa jimawa ba su iso ba.

A bakin wannan ruwa gidan tarihin World of Glass yake, wanda aka buɗe a shekarar 2000. Mutanen gari suna kiran wannan yanki na ruwan Hotties, domin a da ma'aikatar gilashi ta Pilkington tana sako ruwan zafi a ciki, har tururi ya riƙa tashi a tsakiyar hunturu. Wata 'yar gada tana ƙetarar da mai ziyara zuwa ginin tanderun da aka yi a 1887, inda ake shiga ramukan bulo na ƙarƙashin ƙasa waɗanda iska mai zafi take bi. A wani ɗaki kuma ana nuna busa gilashi. Yara da manya sukan yi cincirindo a nan, kuma suna da gaskiya, don kuwa ganin jan curi yana kumbura a bakin bututu abin kallo ne. Sai dai wuta rabin labarin garin ce kawai. Ɗaya rabin, wanda ya kawo ni, aiki ne na ruwa da laka da ƙarar ƙarfe, kuma shi ne ya ci mafi yawan fili da ƙarfin inji a ma'aikatun gilashi mai kauri.

Gilashin da ake busawa na tagogin talakawa ne, yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da ke karkatar da abin da ake hange. Wanda ake so domin madubi ko gaban babban kanti dole fuskokinsa biyu su miƙe sak, kuma hanyar samunsa daga Faransa ta fito, inda aka fara zubinsa wajen 1688. A 1773 aka kafa kamfanin British Cast Plate Glass, ya gina ma'aikata a unguwar Ravenhead ta wannan gari, ya ɗauko gwanaye daga Faransa, aka fara aiki a 1776. Ana ciro tukunyar narkakken gilashi daga tanderu, a juye ta a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a bi ta kai da wani ƙaton murzagi har ya baje, sannan a tura shi wani tanderun ya huce a hankali na tsawon kwanaki. Abin da ke fitowa allo ne mai kaushi, haske yana ratsa shi amma ba a gane fuskar mutum ta cikinsa. Kafin ya zama haja sai an gurje shi gaba da baya, an goge shi har ya yi sulɓi, kuma a wannan aiki kusan rabin kaurinsa yake tafiya.

Da farko da hannu ake gurzar. Kafin ƙarni na 18 ya ƙare, Ravenhead ta sa injin tururi na Boulton da Watt a aikin. Kamfanin Pilkington, wanda ya faro a 1826 da gilashin taga, ya shiga wannan fage a 1876 da sabuwar ma'aikata a Cowley Hill, kuma a 1901 ya saye Ravenhead ɗin kanta. A wannan zamani ne teburin gurza mai da'ira ya zama jigon sana'ar.

Wanda ya ji an ce tebur kada ya kawo na cin abinci a ransa. Faifai ne na zubin ƙarfe, faɗinsa ya kai mita 9 ko 10, nauyinsa tan gommai, yana zaune a kan ƙafafun ƙarfe bisa layin dogo. Tafiyarsa takan fara ne a filin shimfiɗa. A nan ake kwaɓa farin filasta, irin wanda maginanmu ke yin silin da shi, a malala a kan teburin, a kwantar da allunan gilashi, manya a tsakiya, ƙanana a cike gefe da su don kada fili ya tafi a banza. Ma'aikata sukan hau kai suna takawa domin iska ta fita, allon ya zauna daram. Idan filastan ya kama, tebur da gilashi sun zama abu guda, kuma daga nan har a gama fuskar farko ba mai sake ɗaga allon. Duk inda aiki na gaba yake, teburin ne zai je can da kayansa.

Dalilin haka a fili yake. Allon gilashi mai faɗin ɗaki yana iya karyewa a kowane ɗauka, yana kuma iya yanke jijiyar wanda ya ɗauke shi. Maza kan jeru gefe da gefe da maɗaurin fata, su ɗauke shi a tsaye, su riƙa jefa ƙafa tare, hannayensu a naɗe da fata. Duk ɗaukan da aka rage, an rage asara an rage jini. Shi ya sa injiniyoyi suka gwammace su motsa tan gommai na ƙarfe a kan su motsa allo guda.

To, yaya ake juya abu mai wannan girma a cikin ɗaki? Layin dogo ba ya karya kwana a ƙaramin fili. Dabarar ita ce a jera injinan gurza da na gogewa a gefen wani dogon rami mai nasa layin, a sa wani ƙasaitaccen tarago a cikinsa wanda ke tafiya a gicciye. A bayan taragon akwai guntun layin dogo daidai tsayin na ƙasan ɗakin. Sai a jawo teburin ya hau, taragon ya tafi da shi har gaban injin da babu kowa a kai, ya tsaya inda guntun layinsa ya yi baki da baki da layin injin, a kulle shi, sannan a ja teburin da igiyar ƙarfe ko ƙaramin kan jirgi ya shige. Kuskuren yatsa guda a wannan haɗi yana nufin ƙafar tebur ta daki gefen layi, girgizar ta ratsa filasta, alluna su tsage tun ba a fara ba.

Shiga wurin injin ma ba shi ne ƙarshe ba. A ƙasa akwai wani ƙaton turken ƙarfe mai juyawa, kuma dole cibiyar teburin ta zo daidai kansa. Idan ta zo, ko dai a ɗago kan turken ya tallabi teburin, ko a sauke layin da yake tsaye a kai, har ƙafafunsa su bar ƙasa, nauyin duka ya koma kan turke. Sannan a fara juyawa. Daga sama a sauko da fayafai biyu masu haƙoran ƙarfe su zauna a kan gilashin, a riƙa kwararo ruwa da yashi. Aikin ya yi kama da niƙa a dutse, illa dai a nan uwar dutsen ce ke zagayawa, 'ya'yan suna bin ta. Idan teburin ya karkata ko da kaɗan, gefe ɗaya zai ci fiye da ɗaya, a sami allo mai kauri a nan, siriri a can, wanda ba zai yi madubi ba. A ganina a nan gwanintar take: a kawo nauyin da ya fi na babbar mota cike da kaya, a ajiye shi a kan maki guda, a maimaita haka dare da rana da tebur bayan tebur.

Yashin ma ba a barin sa haka nan. Ana farawa da mai kaushi, wanda ya zubo ta gefe a tara shi a kwatami, a bar ruwa ya rarrabe shi, mai nauyi ya riga kwanciya, mai laushi ya biyo baya, a riƙa mayar da shi daki-daki har a kai ga mafi laushi. Daga nan a sauke teburin, ya sake hawa tarago zuwa filin tsakiya, inda ake wanke shi tas, a duba alluna, a sake cike tsakaninsu da sabon filasta. Wankin nan ba na wasa ba ne, domin ƙwayar yashi guda da ta maƙale a wani lungu za ta ja zane a kan allo a wurin gogewa. Injin gogewa kuwa da matsattsen ulu yake aiki, tare da wani jan gari na tsatsar ƙarfe da ke rina tufafi da fatar ma'aikata. Idan fuska ɗaya ta yi ƙyalli, a kai teburin inda za a ɓamɓare allunan, a kife su, a sake kwaɓa filasta, a koma farko.

Ban ga irin wannan tebur ko ɗaya a garin ba. Ƙarfe mai wannan yawa ba ya zama a banza bayan an daina amfani da shi. Abin da ya rage shi ne abin da teburan suka zubar. Idan aka nufi arewacin gari, wajen Haresfinch, kusa da Cowley Hill, ana tarar da wasu tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai waɗanda bishiyoyi da ciyayi suka rufe. Baƙo zai ɗauka halittar Allah ce. 'Yan gari suna kiran su Burgy Banks, kuma ba komai ba ne illa lakar gurza, wato ragowar yashi da garin gilashi da na ƙarfe da jan garin nan, wadda aka yi shekaru ana turowa ta bututu ana tarawa. Tsayawa a gindinsu ya fi kowane allon bayani fahimtar da ni girman aikin, domin rabin gilashin da aka narka da kwal mai tsada, aka zuba, aka jira ya huce, a nan ya ƙare. Na so a ce gidan tarihin yana tura kowane mai ziyara can kafin ya koma tasha, don mutanen da suka yi rayuwarsu a cikin wannan laka sun cancanci a san su kamar yadda aka san masu busa.

Teburin da'ira yana da aibi guda da ba ya gyaruwa: duk lokacin da ake fitar da wani ana shigo da wani, injin a tsaye yake. Da motoci suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, buƙatar gilashi ta wuce abin da wannan tsari zai iya. Kamfanin Ford a Amurka ya ɓullo da murza gilashi ba yankewa daga bakin tanderu, Pilkington kuma a farkon shekarun 1920 ya kawo gurza da gogewa a jere. Teburan suka koma masu kusurwa huɗu, ana sarƙa su baki da baki su zama doguwar hanya guda, injin mai haƙora yana tura su daga baya, suna wucewa a hankali ƙarƙashin kawunan gurza ɗaya bayan ɗaya, sannan na gogewa. Wanda ya kai ƙarshe a kwance shi, a ɗauke gilashin, a mayar da teburin farkon layi. Wahalar ta sauya wuri: yanzu dole saman kowane tebur ya yi daidai da na maƙwabcinsa, kuma tafiyar ta kasance ba fizga.

A 1935, a ma'aikatarsa ta Doncaster, Pilkington ya fara aiki da injin da ke gurzar sama da ƙasa a lokaci guda, gilashin yana wucewa tsakaninsu a matsayin dogon zare mai faɗi, ba filasta, ba kifewa. Layin ya kai ɗaruruwan mitoci. Wannan shi ne ƙololuwar sana'ar, kuma bai daɗe a kai ba. A 1952 wani injiniyan kamfanin, Alastair Pilkington, wanda sunan kawai ya haɗa shi da masu gidan, ya fara gwada zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza, irin wadda ake haƙowa a Jos. Gilashin yana yawo a samanta, kuma tun da saman narkakkiyar kuza a miƙe yake, ƙasansa yana fitowa da sulɓi, zafi kuma yana gyara samansa. Yana shiga da zafin da ya haura digiri 1,000, ya fita a wajen 600, ya yi taurin da abin da zai ɗauke shi ba zai bar masa tabo ba. Shekara bakwai aka yi ana kashe kuɗi ana zubar da gilashin da bai yi ba, kafin a sanar wa duniya a Janairun 1959. A Cowley Hill aka yi wannan, wato a gidan teburan. Zuwa 1967 kamfanin ya daina yin gilashin gurza baki ɗaya.

Alamar ƙarfin da kamfanin ya ji a waɗannan shekaru tana nan a titin Prescot: dogon benen tsohuwar hedikwatarsa mai rufin shuɗin gilashi a bakin tafki. Ofishin Maxwell Fry da Jane Drew ne ya zana shi, su ne kuma suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan. Kamfanin kansa ya koma hannun Nippon Sheet Glass na Japan a 2006, kuma masu aikin gilashi a garin yau ba su wuce kaso kaɗan na dubban da ake da su a da ba.

Ma'aikatar Greengate, a kudancin gari, tana ci gaba da narka gilashi a kan kuza, tanderunta ba ya mutuwa dare da rana. A ƙarshen layi inji ne ke yanka shi, hannayen ƙarfe masu tsotso su ɗaga kowane allo su jingina shi a tsaye a kan maratayi. Manyan allunan suna da tsawon mita 6 da faɗin mita 3.21, kuma akwai tirela ta musamman, marar ƙasa a tsakiya, da ke ja da baya ta rungumi maratayin da kayansa, ta ɗaga shi kaɗan, ta matse shi ta gefe biyu, ta fita da shi zuwa babbar hanya.