Lissafi ya ba ni doki 646, ƙarfe ya ce da sake

Ranar da aka dawo mana da takardun jinga, sai da na duba lambar rajistata sau biyu, don na ɗauka ta wani aka miƙo mini. Huɗu cikin goma. Malam bai soke ko layi ɗaya a lissafina ba. A ƙasan shafin ƙarshe kawai ya rubuta da jan biro: "Wa zai riƙe wannan ƙarfin?"

Ina aji uku a sashen injiniyan kanikanci, kuma jingar ba mai wuya ba ce. An ce kowa ya zaɓi injin fetur ɗaya, ya ƙaddara an ɗaura masa turbo, ya lissafa ƙarfin da zai bayar, ya kare zaɓinsa. Yawancin 'yan ajinmu Corolla da Golf suka ɗauka. Ni kuwa da iyayi sai na tsallaka Amurka na ɗauko Ford Mustang, motar da ban taɓa taɓawa da hannuna ba, amma ta cinye mini data fiye da duk wani abu a wayata.

Ga wanda bai san ta ba, tana cikin motocin da Amurkawa ke yi wa kirari da masu ƙwanji: ƙofa biyu, ƙaton inji mai silinda takwas, ƙafafun baya ke ja. An fara fito da Mustang a 1964, amma wadda na zaɓa ita ce ta tsakanin 1987 da 1993, mai injin da ake kira 302, ko 5.0 kamar yadda aka manna a gefenta. A gaskiya ma bai cika lita biyar ba, 4,942 cc ne, kamfanin ne ya cike gibin da baki. Daga masana'anta ƙarfin doki 225 aka rubuta wa yawancinsu. Motar ba ta da nauyi, kayan gyaranta birjik, shi ya sa matasan can suka mai da ita abin tsere a miƙaƙƙiyar hanya ta rubu'in mil, wato mita 402. Kafin a kai ga turbo, mai ita kan canza tof silinda da kamshaf da bututun shigar iska, injin ya haura doki 300. A jingata na ƙaddara 320.

Aikin turbo a takarda daɗi gare shi. Inji iska yake shaƙa, ya gauraya da mai, fulogi ya kunna. Iya iskar da ta shiga, iya man da zai ƙone, iya ƙarfin da za a samu. Turbo yana tare hayaƙin da zai fita ta salansa, hayaƙin ya juya wata farfela fiye da sau dubu ɗari a minti, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya. Nauyin iskar da muke shaƙa a daidai gaɓar teku 14.7 psi ne. Idan turbo ya ƙara 15 a kai, iskar ta ninka ke nan har da ɗan ɗoriya. Na haɗa 15 da 14.7, na raba da 14.7, na buga da 320, sai ga 646. Na ja layi biyu a ƙasan lambar. Don kada a ce ban yi tunani ba, na rubuta cewa za a sa fistan da konrod na ƙira masu ƙwari, da manyan nozul na mai. Ban ce uffan a kan bulok ba, wato gangar jikin injin da duk waɗannan kaya ke zaune a cikinta. A raina bulok dutse ne, ba abin da ke samun sa.

Malam ya ba waɗanda suka faɗi mako guda su sake. Gwajin farko na kwas ɗin ban taɓuka abin kirki ba, saboda haka makin nan goma shi ne tsakanina da maimaita kwas mai yunit uku a shekarar ƙarshe.

Da Asabar ta zo na tafi garejin kawuna, wanda ya fi shekaruna a kanikanci. Bai san Mustang ba, bai kuma damu ya san ta ba. Na karanta masa tambayar malam ina jiran ya taya ni jin haushi. Sai ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ashe malamin naku ya taɓa riƙe sifana." Ya ja ni bayan rumfa, inda wani bulok na ƙaramar motar ɗaukar kaya ke kife cikin ƙasa, da huji a gefensa wanda dunƙulen hannuna zai shige. Ya ce konrod ne ya tsinke ya nemi hanyar fita. Sannan ya tambaye ni, "To kai da ka sa wanda ba ya tsinkewa, ƙarfin ina zai bi?"

Nan na fiddo waya na nuna masa hotunan da na sha gani ina wucewa: bulok na 302 da ya rabe gida biyu daga gaba har baya, kamar an fasa goro. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya sa yatsa mai baƙin mai yana ƙirga. "Kawu, me kake nema?" Ya ce, "Noti. Bibbiyu ne kacal ke riƙe da mazaunin karanshaf. Kuma dubi naman wajen, ba kauri."

A minti ɗaya ya ga abin da na kasa gani a mako biyu. Zuriyar wannan inji ta faro ne daga wani ƙarami mai lamba 221 da Ford ta fitar a 1962, kuma da gangan aka zuba ƙarfensa siriri don ya yi rashin nauyi da araha. Ga motar da za ta kai mutum aiki ta dawo da shi, wannan dabara ce mai kyau. Amma mu duba lodin da ake ɗora masa. Faɗin fistan ɗinsa inci 4 ne. Idan aka ƙaddara matsin wutar da ke tashi a kansa ya kai 1,000 psi, nauyin da ke danna shi ƙasa ya haura tan biyar da rabi. Idan injin na juyi 6,000 a minti, kowace silinda tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, su takwas sau 400. Duk wannan duka yana bi ta konrod ya sauka a kan karanshaf, shi kuma ya nemi ɓallewa ta ƙasa, sai marafan nan masu noti bibbiyu da siraran bangayen da aka ɗaure su a jiki su riƙe shi. Da yake silindodin a karkace suke kamar harafin V, sahu ɗaya na turawa hagu, ɗaya dama, tamkar mutum biyu na ƙoƙarin yaga tabarma. Ƙarfen zubi kuwa yana jure dannawa, amma ba ya son ja, kuma ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi. Tsagar kan faro daga mazaunin karanshaf ta haura zuwa ramin kamshaf.

Masu harkar a Amurka suna da wata iyaka da suke yawan ambata, wajen doki 500. Ba kamfani ne ya rubuta ta ba, tarin injinan da suka fashe ne suka koya musu. Da farko abin ya rikita ni, don akwai mai cewa nasa ya yi shekaru a sama da haka, akwai wanda nasa ya dare tun bai kai ba. Sai na tuna da darasin gajiyar ƙarfe da muka yi a aji biyu, wanda na haddace don jarrabawa na watsar. Wani Bajamushe, August Wöhler, ya nazarci yadda sandunan ƙafafun jirgin ƙasa ke karyewa a ƙarni na 19, ya nuna cewa ƙarfe kan karye da lodin da bai isa ya karya shi lokaci guda ba, muddin aka yi ta maimaitawa. Ƙara lodi kaɗan, kwanan ƙarfen ya ragu da yawa. Ashe bulok da ya tsira yau a doki 600 ba wai ya ci jarrabawa ba ne, cin kwanakinsa yake yi.

Wani abin da na gano shi ne lambar doki kaɗai ba ta faɗin komai. Abin da ya fi saurin kashe inji mai turbo shi ne ƙwanƙwasa. Iskar da aka matse zafi take yi, idan zafin ya yi yawa ko man ba mai jure matsi ba ne, sai ragowar man da ke cikin silinda ya fashe da kansa maimakon ya ci a hankali, ya zama guduma ake saukar wa fistan. Haka ma juyi: nauyin jifar da fistan ke yi yana ƙaruwa ne da murabba'in saurin injin, saboda haka tashi daga 6,000 zuwa 7,000 ƙarin lodi ne na sama da kashi ɗaya cikin uku. Sai kuma ƙaramin turbo mai cika da wuri, wanda ke sauke duk ƙarfin murɗarsa farat ɗaya tun injin na ƙasa-ƙasa. Direba yana jin daɗin wannan fizgar, bulok kuwa ita ya fi ƙi.

Akwai masu ɗaure marafan karanshaf da wani faranti na ƙarfe don ƙarin ƙwari. Barkwancin da ake yi a kansa shi ne ba ya hana fashewa, yana dai tara maka gutsattsarin wuri ɗaya. Mai kuɗi kan sayi sabon bulok mai kauri na kamfani irin su Dart, mai noti huɗu. Wasu kuma, abin da masoya Ford ke gani kamar cin amana, sukan je bola su ciro injin LS na motocin ɗaukar kaya na General Motors su dasa a Mustang, saboda shi noti shida ke riƙe kowane marfi, huɗu a tsaye biyu ta gefe, kuma bangonsa ya sauko ya rungume karanshaf. Ni dai waɗanda suka fi burge ni yanzu su ne masu barin bulok ɗin asali su yi aiki cikin iyakarsa, don su ne kullum ke da abin murɗawa a gabansu su ƙara iska, su kuma ƙi murɗawa. Kafin jingar nan, da na ga bidiyon irinsu wucewa nake yi.

Na sake aikin daga tushe, wannan karon daga bulok na faro na dawo baya. Na sa iyakata a doki 450, lissafi ya nuna 6 psi ya isa: 20.7 a raba da 14.7, a buga da 320. Na zaɓi sifirin mai laushi a ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi, yadda ko direba ya take totur har ƙasa matsin ba zai wuce nan ba. Na sa lagireton sanyaya iska tsakanin turbo da inji, na ja lokacin kunna fulogi baya idan matsi ya hau, na yanke juyi a 6,000, na ƙara tazarar bakin ringi don kada ya kumbura da zafi ya cije. Na kuma rubuta cewa a bar gasket na tof silinda ya zama mai rauni a gidan, don noti goma ne kawai ke riƙe da kowane kai, kuma gara gasket ya ƙone a canza da yamma ɗaya a kan bulok ya tsage. Wannan shawarar Kawu ce, ya ce ko wutar gida da fis ake haɗa ta.

Bakwai na samu. Malam ya cire maki uku saboda lissafina ya ɗauka duk iskar da aka matse za ta zama ƙarfi, ban cire asarar zafi da ta toshewar hayaƙi ba, kuma da gaskiyarsa. Abokin ɗakina har yau yana tsokana ta wai ni ne mutum na farko da ya zubar da dawakai kusan ɗari biyu aka ƙara masa maki.

Da na koma gareji na nuna wa Kawu takardar, bai ko karɓa ba, hannunsa na cikin wani inji. Ya tambaye ni nawa na rage, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya nuna mini fistan huɗu da ke jere a kan kwali, ya ce in ɗauko ma'auni in auna masa tazarar ringinsu, kuma kada in kuskura in cike gibi da baki irin na mutanen Ford.